Kwayil ne? Tarihin tartsatsin da ke tayar da mota, daga Turai zuwa garejojin Panshekara

A garejojin da ke kan hanyar Panshekara da kewayen Sharaɗa, akwai hukuncin da mai mota ke yawan ji idan injinsa ya soma karkarwa a silo, ko ya riƙa fizga in an taka totur: kwayil ne. Wani lokaci hukuncin daidai ne. Wani lokaci kuma mai mota zai sayi kwayil huɗu a ɗaura masa, ya yi mako uku cikin jin daɗi, sannan karkarwar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba.

A da, ana iya jure irin wannan asara. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Injin mai silinda huɗu da ɗaya ta daina kama wuta yana iya ci gaba da watsa mata mai, man kuma ya fice ta salansa ba tare da ya tura motar ko taku ɗaya ba. Ma'aikacin da ke zirga-zirga kullum tsakanin Challawa da cikin gari zai ji wannan a aljihunsa tun kafin fitilar gargaɗi ta dame shi.

Yaya aka yi ɗan abin da bai fi tsawon tafin hannu ba ya zama wanda aka fi zargi a cikin injin, kuma wanda aka fi jahilta? Amsar tana cikin tarihi biyu da suka haɗu a wuri ɗaya: tarihin na'urar kanta, da tarihin masana'antun Kano.

Waya biyu da sandar ƙarfe

Injin fetur yana tsotsar iska da mai, fistin ya matse su a cikin silinda, sai tartsatsi ya tashi a bakin fulogi ya kunna su. Matsalar ita ce batirin mota bolt 12 kacal yake bayarwa, alhali kafin wuta ta tsallake 'yar tazarar da ke bakin fulogi, wadda ba ta cika wuce milimita ɗaya ba, a cikin iskar da aka matse, ana buƙatar dubban bolt. Aikin kwayil shi ne ya mayar da bolt 12 ya koma 20,000 ko 30,000, wani lokaci har 40,000. Ƙaramar taransifoma ce.

Tushen wannan ilimi ya samu ne a 1831, lokacin da Michael Faraday ya nuna a Landan cewa in ƙarfin maganaɗisu ya canja a kusa da waya, lantarki na haifuwa a cikin wayar. Shekara biyar bayan haka, a 1836, wani limamin Katolika mai suna Nicholas Callan, wanda ke koyar da kimiyya a kwalejin Maynooth ta ƙasar Ayalan, ya naɗe waya biyu a jikin sandar ƙarfe. Ta farko mai kauri ce, naɗinta kaɗan. Ta biyu siririya ce, naɗinta mai yawan gaske. Ya lura cewa duk sa'ad da ya katse lantarkin da ke bin waya ta farko, wuta mai tsananin ƙarfi na fitowa daga ta biyu.

Wannan shi ne kwayil, kuma har yau asalinsa bai canja ba. A kwayil ɗin mota, naɗin farko bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, na biyu kuwa dubbai ne na wayar jan ƙarfe mai siririn gashi. Lantarkin batir yana bin naɗin farko ya tara maganaɗisu a jikin ƙarfen. Da an katse shi farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe, rushewar ta haifar da babbar wuta a naɗi na biyu. Abin lura a nan shi ne tartsatsin yana fitowa ne a lokacin katsewa, ba lokacin haɗawa ba. Saboda haka kusan duk tarihin da ya biyo baya tarihin tambaya ɗaya ne: wa zai riƙa katse wutar, kuma ta yaya zai san lokacin da ya dace?

Heinrich Ruhmkorff, Bajamushe mai ƙera kayan kimiyya a birnin Paris, ya kyautata na'urar ya yi mata rajista a 1851, har sunansa ya rufe na Callan. Da irin kwayil ɗinsa ne Étienne Lenoir ya kunna injinsa mai aiki da iskar gas a 1860, tun kafin a san mota.

Bosch da Kettering

Masu ƙera motocin farko sun sha wahala da kunna wuta, domin batiran zamanin ba su da ƙarko, kuma babu abin da ke caja su a kan hanya. Kamfanin Robert Bosch na birnin Stuttgart ya bi ta wata hanya, wato maganeto, na'urar da ke samar da wutarta da kanta ta hanyar juya maganaɗisu, ba ruwanta da batir. A 1902 injiniyan kamfanin, Gottlob Honold, ya fitar da maganeto mai babbar wuta wanda ke aiki kai tsaye da fulogi. Zuriyar wannan na'ura na nan a Kano har gobe. Ƙaramin janareton da ke ƙara a bayan shago, da injin ban ruwan da manoman rani ke ja da igiya a bakin kogin Challawa, duk da wannan dabara suke tashi.

A Amurka kuwa, motar Ford ƙirar Model T da ta fito a 1908 tana da kwayil huɗu a cikin akwatunan katako, kowace silinda da nata. Sai Charles Kettering da abokansa suka kafa kamfanin Delco a garin Dayton a 1909, suka kawo tsarin da motar Cadillac ta soma amfani da shi a 1910: batir ɗaya, kwayil ɗaya, sai kwantak da ke buɗewa yana rufewa don katse wuta, da kwandensa da ke hana bakin kwantak ƙonewa, da distiributa mai raba wutar ga kowane fulogi a kan layi. Tsarin ya yi kyau har ya mallaki duniyar motoci sama da shekara sittin. Sunan kamfanin ma ya shige cikin Faransancin yau da kullum, inda ake kiran distiributa da sunan delko. Haka kuma Hausar Maraɗi da Damagaram ta ari buji daga Faransanci, yayin da ta Kano da Zariya ta ari fulogi daga Ingilishi.

Tsarin Kettering yana da aibi ɗaya babba. Kwantak ƙarfe ne da ke bugun ƙarfe. Injin mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane ɗaya sai kwantak ya buɗe ya rufe. Dole ya ci, dole tazararsa ta goce, dole a riƙa gyara shi a kai a kai. Amma aibin nan yana tafe da wata falala: duk abin da ke faruwa, ido na ganinsa.

Zamanin Fijo

Kano ta san injin tun da wuri. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya kawo manyan motoci, kuma a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa aikin ruwan famfo da lantarki na birnin a bakin kogin Challawa, kusa da Panshekara. Daga baya Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da Audu Bako a matsayin gwamna, kuɗin mai kuma suka shigo a shekarun 1970, sai Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa da masaƙu, da majemu, da kamfanonin robobi, da na abinci da lemo. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu.

A wannan zamani ne gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa wuraren harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Mercedes a Inugu, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, sai kamfanin NTM a Kano mai harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. Kamfanin Kaduna ya soma fitar da motoci a 1975, kuma ƙirar 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta zama motar gwamnati, motar manajan kamfani, motar haya mai zuwa Jos da Maiduguri. Ita ce motar da ta tarbiyyantar da ƙarni guda na kanikawan Arewa.

Abin da ya kamata a fahimta game da wannan zamani shi ne mota ba ita kaɗai take zuwa ba, da iliminta take tafe. Manyan kamfanonin ciniki irin su SCOA da CFAO da Leventis suna da garejoji masu littattafan gyara da kayan awo. Manyan masana'antu suna da sashen kula da injina da motoci, inda yaro ke shiga yana wanke sifana ya fito ya san awo. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, ga makarantun koyon sana'a, ga jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Sannan ire-iren motocin ba su da yawa. Wanda ya ƙware a Fijo da Volkswagen da Datsun ya kusa ƙware a duk abin da zai shigo garejinsa.

Gano laifin wuta a lokacin aikin ido da kunne ne. Bakanike zai zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, ya kusantar da ita jikin injin, ya ce a buga. In tartsatsi ya fito shuɗi yana ƙara, kwayil lafiya lau. In ya fito ja-ja, mai rauni, sai a buɗe murfin distiributa a duba kwantak, a goge bakinsa, a saita tazararsa zuwa kimanin milimita 0.4, a gwada wani kwandensa. Tsofaffin direbobi sun san cewa barin makulli a kunne alhali injin na kashe yana iya dafa kwayil, sun kuma san dabarar ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma in ya yi zafi a tsakiyar daji, har ya huce a ƙarasa gari. A mafi yawan lokuta ma ba kwayil ke da laifi ba, kwantak ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Shekarar da hanyoyi suka rabu

Yayin da Kaduna ke fitar da 504, ƙasashen da ke ƙera motoci sun riga sun soma juya wa kwantak baya. Chrysler ya sa tsarin kunna wuta na tiranzista a motocinsa a farkon shekarun 1970, General Motors ya biyo baya a tsakiyarsu. Dokokin rage hayaƙi ne suka tilasta hakan, domin tukunyar tace hayaƙi da aka soma sa wa motocin Amurka a 1975 ba ta jure ɗanyen man da bai ƙone ba. Tiranzista ta karɓi aikin katse wuta, sensa ta karɓi aikin sanar da lokaci. Daga nan kwamfutar injin ta karɓi ragamar duka. Sai distiributa kanta ta soma ɓacewa: da farko kwayil ɗaya ya riƙa ciyar da silinda biyu, ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, daga bisani kowane fulogi ya samu nasa kwayil a zaune a kansa. An koma tsarin Model T ke nan ta wata ƙofa. A 1996 Amurka ta wajabta wa duk sababbin motoci soket iri ɗaya da lambobin laifi iri ɗaya, tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001.

A Nijeriya kuwa, 1986 ita ce shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Nairar da ta kusa yin kunnen doki da dala a 1985 ta koma kimanin naira 4 a dala ɗaya a 1987, ta kuma ci gaba da gangarawa. Masana'antun da suka dogara da kayan aiki daga waje suka shiga uku. Wutar NEPA ta riƙa ja da baya, kamfanoni suka koma kan janareton dizal, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Ɗaya bayan ɗaya, ƙofofi suka riƙa rufuwa a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, wuraren harhaɗa motoci suka durƙushe.

Gurbin da suka bari, motocin gwanjo ne suka cike shi. Ana lodo su daga tashoshin ruwan Turai, musamman Antwerp ta Beljiyam, daga baya kuma daga Amurka, a sauke a Kwatano ko Legas. Da yawa daga na Kwatano kan ratsa Nijar ta Maraɗi su shigo ta iyakar Katsina, har gwamnati ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Golf 3 da ta cika tashoshin mota tana da distiributa da kwayil ɗaya, amma babu kwantak a cikinta. Peugeot 406 tana da kwayil a jere cikin sanda ɗaya. Corolla da Camry da Accord na farkon shekarun 2000, waɗanda suka zama motocin ma'aikata, kowace silinda da nata kwayil.

Motocin sun iso ba littafi, ba dila, ba horo. Sun iso a daidai lokacin da wuraren da suka saba horar da kanikawa ke mutuwa. Ilimin sana'a ya koma hannun tsarin maigida da yaransa kawai. Tsarin yana da albarka, ya rufa wa dubban gidaje asiri, amma maigida abin da ya sani yake koyarwa, kuma abin da ya sani na zamanin kwantak ne. Da laifi ya ɓuya wa ido, sai canje-canje ya maye gurbin bincike: a canja fulogi, in bai yi ba a canja kwayil, in bai yi ba a wanke nozul, in bai yi ba a ce kwamfutar ce ta ƙone. Kowane zato, mai mota ne ke biya.

Abin da ke kashe kwayil a Kano

Kwayil na zamani ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, don haka ba ya ci kamar kwantak. Abin da ke lalacewa shi ne rufin kariyar da ke hana babbar wuta tserewa ta gefe. Abubuwa kaɗan ne ke jawo hakan, kuma kusan dukansu daga wajen kwayil suke.

Na farko shi ne tsohon fulogi. Duk sa'ad da bakinsa ya ci, tazarar ta ƙaru, sai kwayil ya ƙara ƙarfin wuta kafin ta tsallake. Wuta kuwa hanya mafi sauƙi take nema. Wata rana za ta huda rufin ta bi ta jikin injin. Jabun fulogi, wanda ke ɗauke da sunan babban kamfani a kwali amma bakinsa ke cinyewa cikin 'yan watanni, kwayil yake kashewa a ɓoye.

Na biyu shi ne zafi. Tsohon kwayil a jikin bodi yake ɗaure, iska na bugunsa. Na yanzu a cikin rami yake, a kan injin. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura maki 40, mota a cunkoso da fankar da ba ta aiki sosai tana gasa shi kullum.

Na uku shi ne baƙin mai da ruwa. In gaskit ɗin murfin saman injin ya tsufa, baƙin mai na tsiyaya cikin ramin fulogi ya jiƙa robar kwayil. Haka wankin injin da ruwa mai ƙarfi, wanda masu wankin mota ke yi da kyakkyawar niyya, yana cusa ruwa cikin ramukan. Da damina kuma ga kududdufan da ke kan hanyoyin unguwannin masana'antu.

Na huɗu shi ne dabarun da suka dace da Fijo amma suke cutar da motar yau. Zare kwayil ko wayar fulogi injin na aiki, a bar wutar ba ta da inda za ta sauka, yana iya lalata kwayil ɗin ko tiranzistar da ke sarrafa shi. Cire kan batir injin na aiki don a gwada caji yana iya aika wa kwamfuta wutar da ta fi ƙarfinta.

Bincike kafin saye

Hanyar gano gaskiya ba ta da tsada, tsari kawai take buƙata. Alamun farko sanannu ne: karkarwa a silo, fizga in an hau tudu ko an ɗauki kaya, shan mai, warin ɗanyen fetur a salansa. In fitilar injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ma'anarta ɗanyen mai na shiga tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Man na ƙonewa a can, zafin na iya narkar da ita, kuma kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa. Wannan mota ba ta doguwar tafiya ba ce.

Mataki na farko shi ne a jona na'urar karanta laifi. Lambar P0300 na nufin wuta na ɓacewa ba a silinda ɗaya takamaimai ba. P0301 zuwa P0304 na nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. Lambobin da suka fara daga P0351 suna nuna layin lantarkin kwayil. A nan ne ake yawan kuskure. P0302 ba ta ce kwayil ya mutu ba, cewa ta yi silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Na'urar ta nuna gidan da ake kuka ne, ba ta faɗi abin da ya faru a ciki ba.

Mataki na biyu shi ne musaya, kuma ko sisi ba ya ci. A kashe injin, a ɗauki kwayil na silinda ta biyu a kai ta uku, na uku a kawo ta biyu, a goge lambar, a tayar. In laifin ya koma P0303, ya bi kwayil, an kama ɓarawo. In ya tsaya a ta biyu, kwayil ba shi da laifi, sai a musanya fulogi ta wannan hanya. In har yanzu bai motsa ba, sai a duba nozul, da wayoyin soket, da ƙarfin matsin silinda, domin bawul da ya ƙone yana ba da alamu iri ɗaya.

Mataki na uku shi ne duban ido. Tsagewa a jikin kwayil, ko siririn baƙin layi a jikin robarsa ko a farin jikin fulogi, shaida ce cewa wuta na bin ta nan. Baƙin mai a cikin rami na nufin sai an canja gaskit, in ba haka ba sabon kwayil ma zai bi sahun tsohon. Ana iya auna naɗin waya da mita a gwada da adadin da kamfanin motar ya bayar, amma awon yana da iyaka: kwayil na iya nuna lafiya yana sanyi, ya gaza in ya ɗauki zafi.

In kuwa babu wuta a dukan silinda a lokaci ɗaya, da wuya a ce kwayil huɗu sun mutu rana ɗaya. Sai a nemi abin da suka yi tarayya a kai: fis, ko rile, ko wayar da ke haɗa injin da bodi, ko sensar da ke gaya wa kwamfuta juyin injin.

In an tabbatar kwayil ne, a canja wanda ya mutu, a duba fulogi duka a canja su in sun tsufa, da irin da kamfanin ya ƙayyade. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa, mai saye na tsakanin zaɓi biyu: na gwanjo na asali wanda ba a san shekarun da ya yi yana aiki ba, ko sabo wanda ba a san inda aka ƙera shi ba. Kanikawa da yawa sun fi amincewa da na gwanjo, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda jabu ya ɓata kasuwa. Ko wanne aka zaɓa, a sayo da sharaɗin mayarwa, a gwada shi a ramin da aka tabbatar da laifin. Masu motocin dizal kuwa, irin manyan motocin da ke lodi a Challawa, su sani injinsu ba shi da kwayil ko kaɗan, da zafin matsi yake kunna mai.

Abin da ke tafe

Tsadar fetur ta sa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a 2023, kuma masu motocin haya da na gida suna ta karkata can. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi a bakin fulogi. Kwayil mai rauni da ke lallaɓawa a kan fetur yakan tona kansa da zarar an juya zuwa gas. Duk wanda zai mayar da motarsa ya kamata ya fara da gyara wutarta, in ba haka ba zai ɗora wa gas laifin da ba nasa ba. Bayan gas kuma ga motoci masu haɗa fetur da batir, waɗanda suka riga suka shigo cikin na gwanjo, masu ɗauke da wutar da za ta iya kashe wanda ya taɓa ta da jahilci.

Kayan aikin binciken sun yi araha. Ƙaramar na'urar karanta laifi da ake haɗawa da wayar hannu ba ta kai kuɗin kwayil huɗu ba, kuma matasan masu wayarin da yawa a Kano sun koyi amfani da ita da kansu ta intanet. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da zai haɗa hannun bakanike da ilimin lantarki a tsare, aikin da garejojin dila da sassan gyara na masana'antu suka yi a shekarun 1970. Hukumomin da doka ta ɗora wa wannan nauyi suna nan: ITF, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta san inda kowane gareji yake. Kwas na 'yan makonni da Hausa, a kan karanta lambobin laifi da amfani da mita, a kusa da inda kanikawan ke aiki, ba abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba.

Kafin a kai ga haka, mai mota na da nasa rabon. Bakanike na saurin yanke hukunci ne sau da yawa domin ba a biyansa kuɗin bincike, sai na ɗaura kaya. Wanda ya yarda ya biya ladan awa ɗaya ta bincike, ya nemi a nuna masa lambar da na'ura ta karanta, ya kuma nemi a yi musaya a gabansa kafin a aiki yaro kasuwa, ya taimaki aljihunsa, ya kuma taimaki sana'ar ta koma kan awo.